Gurbin Datsun

A Shimizu, bayan tashar jirgin ƙasa,
inda iska ke zuwa da ƙarnin kifi,
tsoho Tokuji ya ɗora tabarau kan tabarau,
ya sunkuya kan katakon da bai fi faifai biyu ba,
yana mayar da layin da aka rushe.

Gada ce yanzu a wurin, mai hawa biyu.
Bai yi musu da gada ba.
Ya dai ɗauki awo:
taku sittin da huɗu na jiya
su ne taku ɗaya a kan teburinsa.

Kwalta samfefa ce, ya murza mata toka.
Tsinken cin shinkafa ya fere, ya zama falwaya.
Wayar wuta zaren fatsa ne, ya sakar masa ciki,
don waya ba ta miƙewa sak sai a zanen injiniya.
Kwanon rufi takardar kwalin sigari ce,
ya bi ta da haƙoran mataji har ta yi kunya-kunya.

Ga shagon askin Genzo, ƙofa rabi a buɗe.
Ga mai awara da bokitinta a bakin kwata.
Ga gidan wanka, bututunsa ya yi baƙi daga sama.
Tsagar bango ɗaya ta ci masa kwana tara.

Yayarsa Mitsue ta zo ran Lahadi,
ta leƙa, ta taɓe baki:
"Famfon nan gaban mai awara yake."
"Baya."
"Ni na ɗebi ruwan, kai kana goye."
Da ta tafi ya ɗauki matsefata, ya matsar da famfo.
Bai gaya mata ba.

Sai motar.
Datsun ce, a-kori-kura, tsawon babban yatsa,
ta fito daga kwali tana sheƙi.
Ta babansa ba ta taɓa sheƙi ba.
Ya kashe mata ƙyalli, ya ɗiga tsatsa a gindin ƙofa,
ya lotsa gefen hagu inda ta taɓa gaisawa da falwaya,
ya ɗora akwatunan kifi uku,
ƙanƙarar cikinsu gishiri ce.
Gam a ƙafa huɗu,
ya dasa ta gaban shagon aski. Daram.

Jikarsa Chizuru, shekara biyar,
ba ta ga amfanin motar da ba ta tafiya ba.
Ya shiga ɗora ruwan shayi,
ya ji ƙas.
Ya fito, Datsun na gudu kan tabarma,
leɓen yarinya na yi mata inji,
ta kewaye ƙafar tebur, ta nufi ƙofa.

Ya buɗe baki. Ya rufe.
Ya sa tabarau na biyu ya duba ɓarna:
tabo huɗu a kan kwalta
inda gam ya ɗauke toka,
fili a share, daidai faɗin mota.

Ai haka layin yake.
Haka yake tarar da shi in ya fito da jakar makaranta:
mota ta tafi bakin teku tun duhu,
ta bar gurbinta na jiranta.
Wata takwas yana gini, bai tuna ba,
a layinsu rana ba ta taɓa fitowa kan motar nan ba.

Ya tsoma bakin allura a baƙin fenti,
ya sa ɗigo ɗaya tsakanin tabon huɗu,
inda baƙin mai ke yoyo kullum,
babarsu na mita, tana watsa yashi.

Buta na kuka a kicin, ba wanda ya tashi.
Daga bakin ƙofa Chizuru ta ce,
"Kaka, ina zan kai kifin?"
Ya ce, "Sauke wa mai awara biyu.
Kar ki karɓi kuɗi, ita ta san lissafin."